Buɗaɗɗiyar Manhaja da Rufaffiya: Wa Ke Gadin Wayarka?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu shiga wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masana kwamfuta, wadda kuma ta shafi duk mai waya a aljihu, ko da bai taɓa jin labarinta ba. Tsakanin manhajar da aka baje asalin rubutunta kowa ya gani, da wadda kamfani ya kulle rubutunta a wurinsa, wacce ta fi aminci?

Bari mu fara daga tushe. Kowace manhaja, tun daga WhatsApp har zuwa wadda bankinka ya ba ka, mutane ne suka zauna suka rubuta ta, layi bayan layi, umarni bayan umarni. Wannan rubutu shi ne asali. Abin da ke isowa wayarka kuwa an riga an juya shi zuwa sigar da na'ura ke ganewa, ɗan Adam ba ya karanta ta sai da wahala. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna sayar maka da manhajar, su riƙe rubutun asali a hannunsu, yarjejeniyar da ka danna ka amince da ita ma ta hana ka tona shi. Wannan ita ce rufaffiya. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Linux da Firefox da LibreOffice da Signal, da VLC ɗin nan da ake kallon fim da ita. Su rubutunsu yana ajiye a intanet, kowa na da damar karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya ɗaga wannan tuta a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. Idan wayarka Android ce, zuciyarta Linux ce.

Abin ya yi kama da magani iri biyu. Ga na jarka da mai shi ya ce haɗin sirrin gidansu ne, ga kuma wanda aka rubuta duk abin da ke cikinsa a jikin kwali. Na jarka yana iya yin aiki, mai shi yana iya zama mutumin kirki, amma amana kawai ka sha. Na kwali kuwa, ko kai ba ka iya karanta rubutun ba, wani masani zai iya, kuma idan akwai guba zai yi magana.

Na san abin da wani mai sauraro ke rayawa a ransa yanzu: to ai idan kowa na iya karanta rubutun, ɓarawo ma zai karanta, ya ga inda kafa take. Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta girmi kwamfuta. Tun a 1883 wani malami ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya yi rubutu kan yadda sojoji ke ɓoye saƙonninsu. Ra'ayinsa shi ne, tsarin ɓoye saƙo dole ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda aka gina shi. Makulli kaɗai ya kamata ya zama sirri. Dalilinsa mai sauƙi ne. Sirrin gini ba ya daɗewa. Ma'aikaci zai bar aiki da shi a kansa, takarda za ta ɓata, wani mai naci zai kwance na'urar ya gano. Lokaci ya gaskata shi. Tsarin da aka fara kare kiran wayar GSM da shi, mai suna A5/1, an ƙera shi a asirce, aka ɓoye. Kafin 1999 ta ƙare masana sun tono shi gaba ɗaya, suka tarar yana da rauni, alhali yana cikin wayoyin miliyoyin mutane. Shi kuwa tsarin AES, wanda bankuna da gwamnatoci ke dogaro da shi yau, gasa aka yi a fili, masanan duniya suka shafe shekaru suna ƙoƙarin karya duk wanda aka gabatar, sannan a 2001 aka tabbatar da na wasu 'yan Beljiyam biyu. Har yanzu yana tsaye.

Illar rufewa ba ta tsaya ga masu kutse ba, kuma nan nake so mu ɗan daɗe. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara raba wa ƙananan rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Masu riƙe da rassan nan yawancinsu masu kanti ne a ƙauyuka da unguwanni, suna sayar da kayan masarufi, a gefe guda suna karɓar wasiƙu suna biyan tsofaffi fansho. Ba a jima ba manhajar ta fara nuna giɓi a asusunsu, kuɗin da ba su taɓa ba. Duk mai sana'ar POS da ke saurarena ya san yadda gaba ke faɗuwa idan lissafin dare ya ƙi daidaita. Mutum zai kira hukumar ya yi ƙorafi, a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsala, na'ura ba ta ƙarya. Wasu suka ci bashi, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 bisa zargin sata ko almundahana, fiye da 200 suka shiga kurkuku, har da mace mai ciki. Aure ya mutu, mutunci ya zube a idon maƙwabta, wasu suka kashe kansu. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai ƙarƙashin jagorancin ɗaya daga cikinsu, Alan Bates, sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai da ke iya haifar da irin wannan giɓi. Aka kuma gano cewa ma'aikatan kamfanin na iya shiga asusun reshe daga nesa su canza lissafi, abin da hukumar ta daɗe tana musantawa. A watan Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya.

Ku lura, babu ɗan kutse ko ɗaya a wannan labari. Manhaja ce ta ba da shaida a kan mutane, su kuma ba su da ikon duba cikin mai shaidar. Wannan labari yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi, domin shekara ashirin talaka na faɗin gaskiya ana ƙaryata shi.

Akwai makamantansa. A 2015 aka kama kamfanin motoci na Volkswagen ya ɓoye wani umarni a manhajar motoci kusan miliyan 11, wanda ke sa mota ta rage hayaƙi idan ta gane ana gwada ta. A 2020 kuma aka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, tun a 1970 hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus suka saye shi a ɓoye.

(Gajeren kiɗa)

Wanda ya biyo mu zuwa nan zai ɗauka an gama magana, buɗaɗɗiya ta yi nasara. A'a. Masu goyon bayanta suna yawan cewa idan idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba shi da maɓoya. Gaskiya ne, idan idanun suna kallo. Baje rubutu a fili dama ce ta dubawa, kuma samun dama daban, yin aikin daban.

A watan Afrilun 2014 duniya ta wayi gari da wata ɓaraka da aka raɗa wa suna Heartbleed, a cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna OpenSSL. Ita ce ke bayan ɗan hoton kwaɗon nan da kuke gani a saman shafukan intanet masu yawa, mai nuna cewa abin da kake aikawa a kulle yake. Kuskuren ƙarami ne: an manta a sa manhajar ta tantance tsawon wani saƙo da ake aiko mata. Saboda haka ɗan kutse zai iya aiko tambaya gajeruwa, ya ce doguwa ce, kwamfutar ta cike ragowar amsar da duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a lokacin, har da kalmomin sirrin mutane. Shafuka kusan rabin miliyan abin ya shafa. Kuskuren ya shiga ne a ranar ƙarshe ta 2011, mutum ɗaya ya duba ya amince, ya zauna fiye da shekara biyu a bainar jama'a ba wanda ya lura. Da aka bincika, sai ga shi manhajar da manyan kamfanonin duniya ke cin riba a kanta, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya tal ke mata aiki na cikakken lokaci. Kowa ya ɗauka wani na dubawa. A Disambar 2021 aka sake ganin irin haka a wata manhajar mai suna Log4j, wadda 'yan sa-kai ke kula da ita. Kafar da aka gano tun 2013 take ciki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ, aikinta matse fayil ya rage girma, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, har da manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Mutum ɗaya ne ya shafe shekaru yana ɗawainiya da ita, ba albashi, a lokacin hutunsa. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai wasu baƙin sunaye suka taso mai manhajar a gaba da ƙorafi, aiki ba ya sauri, in ba zai iya ba ya ba wani. Mutumin da ma ya gaji. Sannu a hankali ya miƙa wa Jia Tan ragama. Da ɗan gari akan ci gari. Jia Tan ya yi haƙuri fiye da shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido, sannan a watan Fabrairun 2024 ya dasa ɓarauniyar hanya, wadda za ta ba mai riƙe da wani makulli damar shiga kwamfutocin da suka ɗauki sabon zubin. Bai sa ta a tsakiyar rubutun da ake karantawa ba. Ya cusa ta ne a cikin fayilolin gwaji, inda ido ba ya yawan zuwa.

Yadda asirin ya tonu abin mamaki ne. Wani injiniya Bajamushe da ke aiki da Microsoft, Andres Freund, yana gwajin wani aiki nasa daban, sai ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma tana cin ƙarfi fiye da yadda ta saba. Wani zai ce matsalar netwok ce ya wuce. Shi bai wuce ba. Ya bi sawu har ya kai ga XZ, ranar Juma'a 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya. A lokacin gurɓataccen zubin bai wuce matakin gwaji ba a manyan rassan Linux irin su Debian da Fedora, kuma cikin sa'o'i aka fara janye shi.

Wannan labari kowane ɓangare na kafa hujja da shi. Masu suka na cewa, kun gani, baƙon da ba a san fuskarsa ba ya zama mai gida. Ni kuwa abin da na gani shi ne, Freund ya iya bin sawun ne domin komai a buɗe yake: rubutun, tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi. Ku gwada shi da abin da ya sami kamfanin SolarWinds na jihar Texas, mai rufaffiyar manhaja. Masu kutse sun shiga inda ake haɗa manhajarsa mai suna Orion, suka dasa tasu hanyar, kamfanin da kansa ya aika wa abokan cinikinsa kusan 18,000 a matsayin sabuntawa, tun daga Maris 2020. A cikinsu akwai ma'aikatun kuɗi da kasuwanci na Amurka. Ba a farga ba sai Disamba, shi ma don wani kamfanin tsaro, FireEye, ya gano an yi masa sata ne ya bi diddigi. Abokan cinikin nan sun biya kuɗi mai yawa, amma babu ɗayansu da ke da ikon leƙa abin da aka aiko masa.

Don haka idan aka matsa mini, na fi karkata ga buɗaɗɗiya, da sharaɗin tana da masu kula da ita na gaske. Kuma adalci ne a faɗa cewa manyan kamfanoni suna da ƙwararrun da suke biya domin farautar kurakurai. Microsoft na fitar da faci a Talata ta biyu ta kowane wata tun 2003. Rufaffiyar manhaja mai irin wannan kulawa ta fi buɗaɗɗiyar da mai ita ya watsar shekara biyar da suka wuce. Ga shi kuma buɗaɗɗiya da rufaffiya sun cakuɗe. WhatsApp rufaffiya ce, amma tsarin da take kulle saƙonninku da shi tun 2016 na Signal ne, buɗaɗɗe.

Shekarar 2017 ta koyar da darasin da ya fi shafar mai sauraro kai tsaye. A watan Maris Microsoft ya fitar da facin wata kafa a Windows. A wannan watan dai masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja, Apache Struts, su ma suka fitar da nasu facin. A watan Mayu muguwar manhajar WannaCry ta bi ta kafar Windows ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. A watan Mayun nan ne kuma masu kutse suka bi ta kafar Struts suka shiga kamfanin Equifax na Amurka, suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Ɗaya rufaffiya, ɗaya buɗaɗɗiya, dukkansu maganin ya fito wata biyu kafin annobar, waɗanda abin ya ci ba su ɗora shi ba ne. Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan waya ta ce a sabunta ta, kada a yi ta ɗagawa don tsoron ƙarewar data. A nemi lokacin da data ke araha a yi.

Yanzu mu dawo gida, inda haɗarin da ya fi yawa ba ya cikin waɗannan biyun ma. Akwai kashi na uku: manhajar kamfani da wani ya fasa, ya yi mata kwaskwarima, ya sake ta kyauta. Windows da Office ɗin da ake ɗora wa kwamfuta a shago ba lasisi, da GB WhatsApp da 'yan'uwanta da matasa ke tura wa juna ta Xender don su karanta saƙon da aka goge. Mutane da yawa na ɗauka duk abin da ba a biya ba buɗaɗɗe ne. Ko kusa. Waɗannan sun fi kowacce rufuwa, domin kamfanin asali bai san abin da aka ƙara musu ba, masana ba su ga rubutunsu ba, wanda ya fasa su kuma ba a san ko wane ne ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhaja ya ba ka kyauta, akwai inda yake fanshewa. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, tana iya karanta saƙonnin tes, ta yi wa mutum rajistar abubuwan da ke cinye masa kuɗi bai sani ba. Ku tuna ta saƙon tes ɗin nan ne banki ke aiko muku lambar tabbatarwa. Wanda ke da irin wannan a wayar da yake hulɗar banki da ita, ina roƙonsa ya adana hirarrakinsa, ya cire ta yau, ya sauke ta asali daga Play Store. Ko buɗaɗɗiyar ma, irin VLC ko Firefox, a ɗauko ta daga shafinta na asali ko daga Play Store, domin kowa na iya ɗaukar rubutunta ya gurɓata ya saka mata suna iri ɗaya.

Sai masu kwamfutoci na hannu, ɗalibai da masu shagon buga takardu. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 faci tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Duk kafar da aka gano bayan an daina faci, haka za ta zauna a buɗe. A nan buɗaɗɗiyar manhaja ke da amfani na zahiri. Ubuntu ko Linux Mint suna tafiya a kan tsohuwar kwamfuta, sabuntawarsu kyauta ce ta halal, LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Akwai ɗan wahalar sabo a makon farko, kuma wasu manhajojin zane da wasu firintoci ba sa jituwa da su, don haka mai shago ya gwada a kwamfuta ɗaya tukuna. Masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu, ku koyi ɗora su, sana'a ce da za a nema.

Magana ta ƙarshe ga hukumomi take. Buɗaɗɗiyar manhaja ba baƙuwa ba ce a ofisoshinmu. DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, da ita ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar da Ghana ke tattara alƙaluman asibitoci. Amma manhajojin da ke yanke hukunci a kan rayuwar mutane suna ƙaruwa: albashi, fansho, sakamakon jarrabawa. A watan Mayun 2025 hukumar jarrabawa ta JAMB ta fito ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157, ta ba su damar sake zama. Ta kyauta da ta amsa, amma sai da iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka kafin a sake dubawa. Abin da nake kira a kai shi ne, duk manhajar da aka saya da kuɗin jama'a don ta yi hukunci a kan jama'a, a rubuta a cikin kwangilar cewa masana masu zaman kansu, daga jami'o'inmu ko wasu wurare, za su ga rubutunta kafin a fara aiki da ita, kuma duk wanda ta zarga yana da haƙƙin lauyansa ya kawo masanin da zai bincike ta a gaban kotu. A kuma ware kuɗin kula da ita a kasafin kowace shekara, ba na sayenta kaɗai ba.

A nan za mu dakata.